Idan Garkuwar Jiki Ta Far wa Ƙoda: Sharhi daga Salaga, Yendi da Bawku

Kumburin rariyar ƙoda, wanda likitoci ke kira gulomerulonefiraitis, suna ne da ya tattaro cututtuka da dama waɗanda tushensu ya bambanta amma ɓarnarsu wuri ɗaya take sauka. A galibinsu ba wata ƙwayar cuta ce ke cin ƙodar kai tsaye ba; garkuwar jikin mutum ce da kanta, ko wasu sinadarai da take zubawa cikin jini, ke lalata ta. A Ghana wannan rukuni yana sahun gaba, tare da hawan jini da ciwon sukari, wajen kai mutane ga mutuwar ƙoda, kuma da yawa daga waɗanda yake kamawa ba tsofaffi ba ne, masu jini a jika ne da iyali ke dogaro da su.

Kowace ƙoda tana ɗauke da ƙananan matatu kimanin miliyan ɗaya, kowace matata kuwa dunƙulen jijiyoyin jini ne sirara waɗanda ido ba ya gani. Wajen kashi ɗaya cikin biyar na jinin da zuciya ke harbawa ta cikin ƙoda yake bi. A kwana ɗaya matatun nan suna tace ruwa kusan lita 180, jiki ya sake shanye kusan dukkansa, abin da ke fita a matsayin fitsari bai wuce lita ɗaya da rabi ba. Aikinsu aikin rariya ne: ruwa da gishiri da dattin jini su wuce, ƙwayoyin jini da furotin su tsaya. Idan rariyar ta kumbura, abu biyu ke faruwa. Ko dai ta yage, abin da ya kamata ya tsaya ya zube cikin fitsari, ko kuma ta toshe, abin da ya kamata ya fita ya taru a jiki. Sau da yawa ma duka biyun ne a lokaci guda.

Alamun ba su da hayaniya, shi ya sa ake raina su. Mutum ya tashi da asuba fatar idonsa ta yi suntum kamar wanda ya kwana yana kuka, da hantsi ta sace, da la'asar kuma takalmin da ya saba sawa ya ƙi shiga. Idan aka danna ƙwaurinsa da babban yatsa aka ɗauke, sai gurbin yatsan ya zauna kamar an danna ƙullin tuwo. Fitsari yana kumfa irin ta sabulu, wadda ba ta bajewa ko an jima. Wani lokaci launinsa ya koma kamar ruwan shayi ko ruwan wankin nama. Jini ya hau ga saurayi ko budurwar da shekarunta ba su kai na hawan jini ba. Ciwon baya, wanda mutane suka fi alaƙantawa da ƙoda, sau da yawa babu shi sam. Tun 1827 likita Richard Bright na asibitin Guy's da ke Landan ya nuna cewa kumburin jiki da furotin a fitsari da lalacewar ƙoda abu ɗaya ne, kuma a zamaninsa gwajin bai wuce a ɗumama fitsari a cokali a kan fitila a ga ko zai guda kamar farin ƙwai ba.

Yadda garkuwa ke kuskuren abokin gaba

Cikin makaman garkuwar jiki akwai wani furotin da ake kira antibodi. Wasu ƙwayoyin halitta da ke zaune galibi a ɓargo ne ke ƙera shi, kowane iri da abokin gaban da aka ƙera shi dominsa, kamar makulli da kwaɗonsa. Ta hanya uku yakan cutar da ƙoda. Ta farko, ya ɗauki wani sashe na rariyar a matsayin baƙo ya kai mata hari. Ta biyu, ya kama abin da ya fito farauta, ƙwayar cuta ce ko wani ɓurɓushin jikin mutum, su dunƙule, jini ya kwaso dunƙulen ya maƙale a rariya. Daga nan wasu mataimakan garkuwa da ke yawo a jini, waɗanda aka fi auna biyu daga cikinsu da ake kira C3 da C4, su taru a wurin su tayar da kumburi. Ta uku kuwa babu wani abokin gaba ko kaɗan: wata zuriya ɗaya ta ƙwayoyin ɓargo ce ke hayayyafa fiye da ƙima, tana kwararo antibodi iri ɗaya tak, mara amfani, har ya cika jini ya toshe ko ya gurɓata ƙoda.

Bambance waɗannan hanyoyi shi ne ginshiƙin magani, domin marasa lafiya uku na iya zuwa asibiti da kumburi iri ɗaya da fitsari iri ɗaya, amma maganin da zai tashi na farko ya kwantar da na biyu.

Lufus

Lufus ita ce babban misalin cutar da garkuwa ke juyowa kan mai ita. Cikin masu ita goma, tara mata ne, akasari tsakanin shekara 15 da 45, wato daidai shekarun aure da haihuwa. Kusan rabinsu cutar kan taɓa ƙodarsu, galibi a shekarun farko, kuma an daɗe da tabbatar da cewa ta fi saurin kama ƙoda da tsananta a jikin baƙar fata.

An ɗauki lokaci mai tsawo ana koyar da cewa lufus ba ta cika samuwa a Afirka ta Yamma ba. A 1968 likita Brian Greenwood, yana aiki a Ibadan, ya lura cewa irin waɗannan cututtuka sun yi ƙaranci cikin marasa lafiyar asibitin koyarwa na can, ya kawo hasashen cewa wataƙila yawan fama da zazzaɓin cizon sauro ne ke shagaltar da garkuwa. Hasashen ya yi tasiri, ya shiga littattafai. Amma da ƙwararrun likitocin gaɓɓai suka fara samuwa a manyan asibitocin yankin, sai masu lufus suka riƙa bayyana. A Accra, Dokta Dzifa Dey ta asibitin koyarwa na Korle Bu tana cikin waɗanda suka fi tsayawa kan wannan, ta kuma kafa ƙungiyar wayar da kai da tallafa wa masu irin waɗannan cututtuka. Abin da ya fi kama hankali shi ne ba cutar ce ta yi ƙaranci ba, masu gane ta da kayan gwada ta ne suka yi ƙaranci.

Dalilin ɓuyanta a bayyane yake ga wanda ya san yadda rashin lafiya ke tafiya a Yendi ko Bawku. Matashiya ta fara zazzaɓi mai zuwa yana komawa, a ba ta maganin maleriya, a sake ba ta, a ce taifot ne. Gaɓɓan yatsu da wuyan hannu su riƙa ciwo da safe, a ce sanyi ne. Gashi ya riƙa zubewa a wajen kitso, ƙuraje su fito a dasashi da ganɗa, jini ya yi ƙasa, ta rame, a fara tunanin tarin fuka ko ƙanjamau. Tabon fuska da littattafan Turai ke nunawa ja a kumatu da karan hanci, a fatar baƙi duhu yake yi, ko ya bar fari-fari da tabo a kunne da fatar kai, don haka ma'aikacin da ya koyi cutar daga hoton farar fata yana iya kallonta bai gane ta ba. Idan ɓari ya biyo baya, sau biyu ko uku, musamman bayan ciki ya yi ƙwari, sai magana ta bar asibiti ta koma kan sammu da jifa da zargin kishiya. Alhali wannan ɓarin ma yana da bayani: wasu masu lufus suna da wani antibodi da ke sa jini daskarewa a jijiya, har da jijiyoyin mabiyiya, kuma akwai maganin da ke rage haɗarinsa. Zargin da ake ɗora wa irin waɗannan mata da abokan zamansu zalunci ne a kan rashin lafiya, kuma yana cinye watannin da ƙoda ke buƙata.

Gwajin jini na farko da ake nema shi ne wanda ake kira ANA. Kusan duk mai lufus yana nuna shi, amma nuna shi kaɗai ba ya tabbatar da cutar, domin masu lafiya ma da masu fama da wasu cututtuka sukan nuna shi kaɗan. Sai an haɗa da alamun jiki, da wani gwaji mafi tsauri na antibodin da ke kai wa ƙwayar gado hari, da raguwar C3 da C4. Game da ƙodar kanta, tsarin da ƙungiyoyin masana ƙoda na duniya suka amince da shi a 2003 ya kasa kumburin lufus aji shida. Na ɗaya da na biyu masu sauƙi ne. Na uku da na huɗu su ne masu cinye ƙoda cikin watanni idan ba a tare su ba. Na biyar ya fi zubar da furotin da kumbura jiki. Na shida kuwa ƙoda ce da ta riga ta zama tabo, magani mai ƙarfi ba zai dawo da ita ba. Ba a sanin ajin sai an ɗebo ɗan ƙanƙanin naman ƙodar da allura an duba a madubin likita.

Furotin mai daskarewa da sanyi

Akwai wasu antibodi masu wata ɗabi'a ta daban: muddin jini yana da ɗumin jiki suna narke, da ya huce sai su guda, idan aka sake ɗumama shi su narke. An fara bayyana su a 1933, aka sa musu suna kirayogulobulin a 1947, sannan a 1974 masana a Faransa suka kasa su gida uku. Kashi na farko yana fitowa daga cutar ɓargo. Na biyu da na uku, waɗanda ake kira gauraye, suna biyo bayan cutar da ta daɗe tana tsokanar garkuwa. Bayan gano ƙwayar ciwon hanta nau'in C a 1989, sai ta bayyana cewa ita ce ke bayan mafi yawan gaurayen. Ragowar kuma ciwon hanta nau'in B ne, ko ƙanjamau, ko lufus da danginta.

Wannan ya shafi arewacin Ghana kai tsaye. Ciwon hanta nau'in B ya yaɗu a ƙasar, kimanin mutum ɗaya cikin goma na manya yana ɗauke da shi, kuma binciken da aka yi ya nuna nau'in C ya fi yawa a yankunan arewa fiye da kudu. Hanyar yaɗuwarsu sananniya ce: aska ɗaya ga kai da yawa, ƙaho da tsaga da kaciya da kayan da ba a dafa ba, allurar da aka maimaita, jinin da ba a tantance ba, da uwa zuwa jariri musamman a nau'in B. Wanzanci sana'a ce mai daraja a zangunan Salaga da Yendi da Bawku, kuma ba ta rasa komai idan kowane kai ya samu sabuwar reza.

Mai wannan cuta yakan zo da ƙananan ɗigo masu duhu, masu ɗan tudu, a ƙwauri da idon sawu, waɗanda ba sa ɓacewa idan an danna. Da ciwon gaɓɓai, da kasala, da jin dindiris a tafin ƙafa, wani lokaci da gyambon da ya ƙi warkewa. Wasu sukan lura abin ya fi tashi a darerun hunturu. Gwajinta yana da wata ƙa'ida da ta saɓa wa al'adar ɗakin gwaji. An saba a sa jinin da za a aika nesa cikin akwatin ƙanƙara. A nan kuwa yin haka ɓata gwajin ne, domin furotin ɗin zai guda ya bi gudan jini a zubar da shi, sakamako ya fito babu komai. Dole a ɗebi jinin cikin kwalba mai ɗumi, a riƙe shi a ma'aunin zafi 37 har a ware ruwansa, sannan a ajiye ruwan a firiji a ma'auni 4 har kwana bakwai ana duba ko wani farin laka zai kwanta a gindin kwalbar. Saboda haka gara a tura mara lafiyar inda ake gwajin da a tura jininsa a mota.

Abin farin ciki a nan shi ne nau'in C yana warkewa. Ƙwayoyin sha na mako 12 suna kawar da shi ga fiye da kashi 95 cikin ɗari, kuma idan ya tafi sau da yawa ƙodar takan lafa. A 2023 Ghana ta fara raba wannan magani kyauta da gudummawar da ƙasar Masar ta bayar. Rigakafin nau'in B kuwa yana cikin allurar jarirai a ƙasar tun 2002.

Antibodi iri ɗaya tak

A 1845 wani ɗan kasuwa a Landan ya kwanta da matsanancin ciwon ƙashi. Likitansa ya lura fitsarinsa yana guda idan aka ɗumama, ya narke idan ya tafasa, ya sake guda idan ya huce. Henry Bence Jones ne ya yi nazarin wannan furotin, har yau kuma da sunansa ake kiransa. Daga baya aka gane gutsattsarin antibodi ne da sankarar ɓargo, wadda ake kira miyeloma, ke zubarwa.

Miyeloma cutar manya ce, akasari daga shekara 50 zuwa sama. Tana rarake ƙashi, ta rage jini, ta ƙara sinadarin kalsiyam a jini, ta toshe ƙananan bututun ƙoda da waɗannan gutsattsari. Hoton da aka saba gani shi ne dattijo mai ciwon baya ko haƙarƙari na watanni, wanda aka ce aikin gona ne ko tsufa, yana sayen dikulofenak ko ibufurofen a shagon magani yana sha safe da yamma. Waɗannan magunguna suna rage jinin da ke shiga ƙoda, ga wanda bututunsa suka fara toshewa kuwa suna iya tsayar da ita cikin kwanaki, musamman a zafin Maris da Afrilu lokacin da jiki ke bushewa. Wani tarko kuma shi ne tsinken gwajin fitsari na yau da kullum an yi shi ne don gano furotin ɗin jini na gama-gari, ba ya kama gutsattsarin Bence Jones sosai. Don haka dattijon da ƙodarsa ta raunana, jininsa ya yi ƙasa, ƙashinsa na ciwo, amma tsinke ya nuna fitsarinsa kusan lafiya lau, shi ne ya fi cancanta a yi masa gwajin rarrabe furotin na jini, wanda ke nuna tsini ɗaya dogo idan akwai antibodi iri ɗaya da ya yi yawa.

Kafin miyeloma akwai wani mataki na shiru, wanda likita Robert Kyle na asibitin Mayo a Amurka ya raɗa wa suna a 1978, ana taƙaita shi da MGUS: furotin ɗin yana cikin jini amma bai kai sankara ba, kuma kusan mutum ɗaya cikin ɗari ne ke wucewa zuwa sankara a kowace shekara. A nan Ghana tana da matsayi na musamman a tarihin ilimin. Wani bincike da Ola Landgren da abokan aikinsa suka wallafa a 2007 ya gwada jinin maza 917 masu shekara 50 zuwa 74 a Accra, ya samu furotin ɗin a jikin kusan kashi 6 cikin ɗari, wato ninki biyu na abin da aka samu ga fararen fata masu irin shekarunsu a jihar Minesota. Da ma an san baƙaƙen Amurka sun ninka farare a yawan miyeloma. Binciken Accra ya ƙarfafa ra'ayin cewa gado yana da hannu, ba yanayin rayuwar Amurka kaɗai ba. A 2012 kuma masana suka ware wani rukuni: mutanen da furotin ɗinsu kaɗan ne, ɓargonsu bai kai sankara ba, amma ƙodarsu tana lalacewa saboda shi. A da ana ce musu su je su dawo a riƙa dubawa. Yanzu an yarda a yi maganin zuriyar ƙwayoyin da ke zubar da shi, don ceton ƙodar. Wani lokaci furotin ɗin yakan nannaɗe ya kwanta a ƙoda da zuciya da harshe kamar kakin zuma, abin da ake kira amiloyid.

Wajibi ne a yi hattara da abu ɗaya. A ƙasar da maleriya da tsargiya da ciwon hanta suka yi yawa, jinin mutane da dama cike yake da antibodi iri-iri, saboda garkuwarsu ba ta hutawa. Yawan furotin a jini kaɗai ba sankara ba ne. Tsini ɗaya ake nema, ba tudu mai faɗi ba.

Sauran dangi, da batun gado

Akwai wasu da za a ambata a taƙaice. Yaron da ya yi ƙazwa ko ƙurajen da suka ruɓe, bayan mako uku zuwa shida fuskarsa ta kumbura fitsarinsa ya yi duhu, garkuwarsa ce ta mayar da martani ga ƙwayar cutar fata. Yawancin yara suna warkewa sarai idan an kula da hawan jini da ruwan jiki. A 2009 aka gano antibodin da ke haddasa mafi yawan wani nau'in yoyon furotin na manya, har ana iya gane shi da gwajin jini. Irin wannan yoyon yana kuma biyo bayan ciwon hanta nau'in B, da man shafawa na bilicin mai ɗauke da sinadarin makuri. Akwai kuma masu kumbura ƙananan jijiyoyin ƙoda da huhu tare, mutum ya yi tarin jini fitsari ya ɗauke. Waɗannan ba sa jiran mako mai zuwa.

A ƙarƙashin duk wannan akwai gado. A 2010 aka gano wasu sauye-sauye biyu a ƙwayar gado mai suna APOL1 waɗanda ke ƙara haɗarin ciwon ƙoda, kuma sun fi yawa a Afirka ta Yamma. Ana ganin sun yaɗu ne saboda suna ba da kariya daga ciwon barci da ƙudan tsando ke yaɗawa, cutar da ta yi annoba a arewacin Ghana a shekarun 1930, kamar yadda gadon sikila ya yaɗu saboda maleriya. Wani babban bincike kan mutum 8,355 a Ghana da Nijeriya, wanda Farfesa Dwomoa Adu na Jami'ar Ghana ke cikin jagororinsa, aka wallafa a ƙarshen 2024, ya samu kusan kashi 30 cikin ɗari na mahalarta sun gaji sauyin ta uwa da uba, kashi 43 kuma ta ɓangare ɗaya. Yawancin masu wannan gado ba za su taɓa yin ciwon ƙoda ba. Amma idan lufus ko ƙanjamau ta same su, ƙodarsu ta fi saurin gazawa.

Daga Salaga, Yendi da Bawku zuwa Tamale

Garuruwan nan uku, da fataucin goro da shanu ya dasa Hausawa a cikinsu tun zamanin zuwa Gwanja, kowannensu yana da asibiti: na gwamnati a Salaga da Yendi, na mishan ɗin Firesbiteriyan a Bawku. A irin waɗannan asibitoci ana iya auna jini, a tsoma tsinke a fitsari, a auna sinadarin kiriyatinin da ke nuna ƙarfin ƙoda, a gwada ciwon hanta da ƙanjamau da sikila. Wannan kaɗai ya isa a gane cewa rariya ta kamu. Abin da ya wuce haka sai asibitin koyarwa na Tamale, kimanin kilomita 100 daga Yendi, 120 daga Salaga, fiye da 200 daga Bawku ta Bolgatanga. Ƙwararrun likitocin ƙoda a Ghana 'yan kaɗan ne, akasarinsu kuma a Accra da Kumasi suke. Ga mai noman albasa a Bawku ko mai doya a Salaga, kowace takardar turawa gaba tana nufin kuɗin mota na mutum biyu, masauki, da gonar da aka bari.

Wannan nisa ne ke jawo a ba duk mai kumburi firednisolon a gani. Maganin yana da amfani ƙwarai, a lufus ma ceton rai ne, amma yana danne garkuwa gaba ɗaya. Ga mai ciwon hanta nau'in B yana iya tayar da ƙwayar ta ƙone hanta, ga mai tarin fuka a ɓoye ya fito da shi fili, ga kowa kuma yana iya kawo ciwon sukari da hawan jini da raunin ƙashi. Ba a fara shi sai an gwada waɗannan, ba a kuma yanke shi rana ɗaya bayan an daɗe ana sha.

A lufus mai tsanani ana haɗa shi da maikofenolet ko saikulofosfamaid na wasu watanni, sannan a ci gaba da magani mai sauƙi na shekaru. Kusan kowane mai lufus ana so ya riƙa shan haidiroksikulorokwin, ɗan'uwan tsohon maganin maleriya, wanda ke rage tashin cutar. Yana buƙatar a riƙa duba ido lokaci-lokaci, kuma sashen ido na asibitin Bawku sananne ne a arewa baki ɗaya. Maikofenolet yana nakasa ɗan tayi, saikulofosfamaid yana iya rage haihuwa, saboda haka dole a yi maganar ciki a fili da mace da mijinta tun farko. Shawarar likitoci ita ce a jira cutar ta kwanta na aƙalla wata shida, a canza zuwa maganin da bai cutar da ciki, sannan a nemi haihuwa. Mata da yawa sun haihu lafiya ta wannan hanya. Hasken rana yana tayar da lufus, don haka mayafi da malafa ga mai zaman kasuwa ko gona magani ne. Rage gishiri da magi da kanwa yana rage kumburi da hawan jini. Jiƙe-jiƙen da ba a san abin da ke cikinsu ba ƙarin kaya ne ga ƙodar da ta gaji. Batun azumi kuma na likita ne da malami, kuma shari'a ta yi wa mara lafiya rangwame.

Idan aka makara, sai wankin ƙoda: sau uku a mako a ƙa'ida, awa huɗu kowane zama, har ƙarshen rai ko a samu dashe, wanda aka fara yi a Korle Bu a 2008. A Satumban 2023 aka sanar da ƙarin kuɗin zama ɗaya a Korle Bu daga sidi 380 zuwa sama da 765, jama'a suka yi caa har aka dakatar da ƙarin. Daga 1 ga Disamban 2024 gwamnati ta sanya wankin ƙoda cikin inshorar lafiya ta ƙasa kyauta a cibiyoyin da aka amince da su. Mataki ne mai kyau, amma inshora ba ta biyan kuɗin mota daga Salaga sau uku a mako, ba ta kuma mayar da ƙodar da ta zama tabo. Kuɗin wankin mutum ɗaya na wata guda ya isa sayen tsinken gwajin fitsari na ɗaruruwan mutane, kuma a nan ne ya kamata hukumomin lafiya na gundumomin uku su fi sa ƙarfi, tun daga ɗakunan shan magani na ƙauye da wajen awon ciki.

Duk wanda ya ga fitsarinsa yana kumfa ko ya canza launi, ko fuskarsa na kumbura da safe, da duk matashiyar da zazzaɓi da ciwon gaɓɓanta suka ƙi jin maganin maleriya, da duk dattijon da ciwon ƙashi ya haɗu masa da ƙarancin jini, kowannensu ya je asibiti mafi kusa ya nemi a auna masa jini a gwada fitsarinsa, idan an tura shi Tamale kuma kada ya jira sai an gama girbi.